Ƙasar da Muke Takawa Tafiya Take Yi

A Gadufawa, can cikin hamadar Tenere kudu maso gabas da Agadas, iska kan kwashe rairayi ta bar ƙasusuwa a fili, waɗanda tsufa ya mayar da su dutse. Cikin abin da aka tono a wurin akwai wani ƙaton kada da ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, dogon bakinsa kuwa jere yake da haƙora fiye da 100. A 1966 aka raɗa masa suna Sarcosuchus. A 1977 wasu masana biyu Faransawa, Eric Buffetaut da Philippe Taquet, suka sake duba wasu haƙora da guntun muƙamuƙi da aka daɗe da tonowa a jihar Bahia ta ƙasar Barazil, sai suka ga ashe ɗan'uwan na Gadufawa ne, zuri'arsu ɗaya. Kadan kogi ne, ga kuma tekun Atilantika tsakanin Afirka da Barazil, wadda ko a inda ta fi tsukewa faɗinta ya haura kilomita 2,800. To ta ina ya bi?

Amsar da masana ilmin ƙasa suka haɗu a kanta yau ita ce, a zamanin kakannin wannan kada babu tekun ma sam. Afirka da Kudancin Amurka ƙasa ɗaya ce, koguna na gudu daga wannan ɓangare zuwa wancan, daga baya ta tsage ruwa ya shiga tsakani. Yanzu maganar tana cikin littafin 'yan sakandare, amma sai da aka kwashe shekara 50 ana musu a kanta. Yadda aka yi musun da yadda aka kashe shi, su ne za su nuna wa mutum dalilin da ya sa aka yarda, ba ya haddace kawai don cin jarrabawa ba.

Masu zana taswira sun daɗe da lura cewa ƙusumbin Barazil ya yi daidai da lungun gaɓar tekun Gini a Afirka ta Yamma. Tun a 1596 Abraham Ortelius ya faɗi haka. Wanda ya ɗauki abin da gaske, ya tara masa hujjoji, shi ne Alfred Wegener, Bajamushe da aka haifa a Balin a 1880, wanda karatunsa na ilmin taurari ne, aikinsa kuma nazarin yanayi. A watan Janairun 1912 ya gabatar da ra'ayinsa a birnin Frankfurt, a 1915 ya fitar da shi a littafi. Ya ce duk nahiyoyin duniya sun taɓa zama dunƙule guda, wanda ake kira Pangiya, sannan suka rarrabu kowace ta kama hanyarta.

Hujjojinsa ba na wasa ba ne. Akwai wata 'yar dabba mai kama da ƙadangare, Mesosaurus, wadda ba a samun ƙasusuwanta sai a kudancin Afirka da Kudancin Amurka. Akwai ganyen wata itaciya, Glossopteris, da ya bar hotonsa a duwatsun Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu da Antatika, wuraren da yau yanayinsu ya sha bamban. Ga kwal a ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika, alhali kwal daga dazuzzuka masu duhu yake samuwa. Kusa da garin Kimberley a Afirka ta Kudu akwai falalen dutse da aka goge sumul, jikinsa cike da dogayen ƙarce-ƙarce a jere, duk sun nufi gefe guda. Irin wannan zane ƙanƙara mai tafiya ce ke yin sa, idan ta ja tsakuwa a ƙarƙashinta, kuma an yi shi ne kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce. Ana samun alamun ƙanƙarar wancan zamani a Indiya ma, ƙasar da yau zafinta bai gaza namu ba. In aka harhaɗa nahiyoyin nan wuri guda kusa da ƙuryar kudu ta duniya, duk waɗannan sai su zama labari ɗaya mai ma'ana.

Manyan masana na lokacin suna da nasu bayanin. Sun ce da akwai gadojin ƙasa da suka haɗa nahiyoyi, dabbobi suka bi ta kai, daga baya suka nutse. Wegener ya nuna cewa hakan ba zai yiwu ba, domin dutsen nahiya ya fi na ƙasan teku sauƙin nauyi, ba ya nutsewa ya ɓace haka kawai. A nan ya yi gaskiya. Inda ya faɗi shi ne da aka tambaye shi abin da ke tura nahiyoyin. Ya ɗauka suna keta ƙasan teku ne suna wucewa, ya jingina ƙarfin turawar ga juyawar duniya da jan rana da wata. Harold Jeffreys na jami'ar Kambirij da wasu irinsa suka zauna suka yi lissafi, suka ga ƙarfin da ya ambata bai kai ko kusa ba, kuma dutsen ƙasan teku ya fi ƙarfin a keta shi. Ƙari a kan haka, Wegener ya dogara da wasu awon da ba su inganta ba ya ce tsibirin Girinlan na nisa daga Turai da mita fiye da 10 a shekara, alhali abin bai wuce kamar santimita 2 ba. A taron da masana man fetur na Amurka suka yi a New York a 1926, aka yi masa ca. A watan Nuwamban 1930 ya rasu a kan ƙanƙarar Girinlan yana da shekara 50, yana dawowa daga kai wa abokan aikinsa kayan masarufi. Sai a shekara ta gaba aka gano gawarsa.

An saba ba da wannan labari kamar na mai gaskiya da masu taurin kai suka danne. Ni ban gamsu da hakan gaba ɗaya ba. Wanda ya ce a kawo abin da ke tura dunƙulen dutse mai faɗin dubban kilomita bai yi laifi ba, kuma lissafin Jeffreys daidai ne. Laifinsu shi ne da suka ga bayanin ya rushe, sai suka watsar har da hujjojin, alhali ƙasusuwan da ƙarce-ƙarcen suna nan ba su gushe ba. Abin lura kuma, waɗanda suka yi aiki da hannunsu a duwatsun kudancin duniya sun fi saurin yarda. Alexander du Toit na Afirka ta Kudu ya je Kudancin Amurka a 1923, ya tarar da hawa-hawan duwatsu a jere tamkar na gida, ya ci gaba da kare ra'ayin har ya rubuta littafi a 1937. Shi kuma Arthur Holmes na Birtaniya, tun wajen 1928 ya kawo shawarar cewa zafin cikin ƙasa ne ke sa dutsen ƙarƙashi juyawa a hankali yana jan na sama. Ke nan bayani mai kama hankali ya daɗe a gaban mutane, ba a kula shi ba. Abin da babu shi ne awo. Kusan kashi 70 cikin 100 na doron duniya ruwa ya rufe shi, kuma ba wanda ya san yadda ƙasan yake.

Yaƙi ne ya buɗe wannan ƙofa. A Yaƙin Duniya na Biyu da zaman doya da manja da ya biyo baya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, rundunonin ruwa sun zuba kuɗi wajen auna zurfin teku da amsa-kuwwar sauti, da kuma na'urorin maganaɗisu na farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. A cibiyar Lamont ta jami'ar Kolumbiya akwai wata mata, Marie Tharp, da ba a barin ta shiga jirgin bincike saboda ita mace ce. Maza su tafi teku su dawo da dogayen takardun awo, ita kuma ta zauna a tebur da fensir da rula tana mayar da lambobi zane. A 1952 ta jera zane shida da suka ratsa Atilantika daga yamma zuwa gabas. Kowanne ya nuna jerin duwatsu a tsakiyar teku, kuma a ƙololuwar kowanne akwai wani tsagi mai zurfi, kwari ke nan da ya bi tsawon jerin. Ta ce wannan alamar wurin da ƙasa ke buɗewa ce. Abokin aikinta Bruce Heezen ya ce zancen 'yan mata ne. Sai da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan zanenta, aka ga ɗigogin sun bi cikin kwarin sak, sannan ya sauko. Daga baya aka gano jerin duwatsun ya kewaye duniya, tsawonsa kimanin kilomita 65,000.

A 1962 Harry Hess na jami'ar Princeton, wanda ya taɓa zama kyaftin ɗin jirgin soja, ya ce a wannan kwari ne ake haifar sabon ƙasan teku: narkakken dutse ya taso, ya daskare, a ja shi dama da hagu, wani ya sake tasowa. Magana ce mai daɗin ji, amma tana bukatar shaida, shaidar kuwa ta fito daga inda ba a zata ba. Maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, yakan juye lokaci zuwa lokaci, arewa ta koma kudu. Juyewar ƙarshe ta faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Narkakken dutse kuwa idan yana hucewa, ƙwayoyin ƙarfen cikinsa kan daidaita da maganaɗisun wannan lokaci su daskare a haka. A 1963 wani ɗalibi a Kambirij, Fred Vine, da malaminsa Drummond Matthews suka ce in Hess ya yi gaskiya, to dole a sami ratsi-ratsin maganaɗisu a ƙasan teku, kuma ratsin dama da kwarin ya zama daidai da na hagu. Wani ɗan Kanada, Lawrence Morley, ya kai ga wannan tunani a shekarar, mujallu biyu suka ƙi buga masa. A 1966 Walter Pitman ya ɗauki awon da jirgin Eltanin ya yi a kudancin tekun Fasifik, ya kifa zanen ya ɗora shi a kan kansa. Tudu ya hau tudu, kwari ya hau kwari, na tsawon ɗaruruwan kilomita. Masana da yawa da suka yi shekaru suna musu, ganin wannan zane ne ya sauya musu ra'ayi.

Akwai wani gwaji da aka yi a yankinmu wanda ba a cika ambata ba. A Afirka ta Yamma akwai iyaka tsakanin tsofaffin duwatsu masu shekara kusan miliyan 2,000 daga yamma, da masu kimanin miliyan 600 daga gabas, kuma iyakar ta faɗa teku kusa da Akra, babban birnin Gana. Patrick Hurley na Amurka da abokan aikinsa na jami'ar Sao Paulo suka ce in dai nahiyoyin biyu sun taɓa haɗe, to ci gaban iyakar zai ɓullo kusa da garin Sao Luis a arewacin Barazil. Suka ɗebo duwatsu suka auna shekarunsu, suka same ta a wurin, suka buga sakamakon a 1967. Wannan irin hujja ta fi duk wata kamannin gaɓar teku ƙarfi, domin an faɗi inda abu zai kasance tun kafin a duba, kuma da ba a same shi ba da magana ta lalace. A ƙarshen 1968 jirgin haƙa na Glomar Challenger ya huda ƙasan kudancin Atilantika a wurare da dama, ya tarar duk nisan da aka yi daga tsakiya, shekarun dutsen ƙaruwa suke.

Daga nan, tsakanin 1965 da 1968, Tuzo Wilson da Dan McKenzie da Jason Morgan da Xavier Le Pichon da wasu suka ɗinke abin ya zama nazari guda. Saman duniya ɓawo ne mai tauri, kaurinsa kimanin kilomita 100, wanda ya tsattsage zuwa manyan farantai bakwai da ƙanana da dama. Faranti ɗaya yakan ɗauki nahiya da ƙasan teku a tare. Namu na Afirka, alal misali, iyakarsa ta yamma tana can tsakiyar Atilantika, ba a gaɓar Legas ba. Nahiya kaya ce da aka ɗaura wa jaki. Wegener ya ga kaya sun bar inda suke, ya zaci su ke tafiya da kansu, jakin kuwa bai gan shi ba don yana ƙarƙashin ruwa.

Mutane da yawa sun ɗauka farantan suna iyo ne a kan narkakken dutse. Ba haka ba ne. Abin da ke ƙarƙashinsu, har zurfin kilomita 2,900, sandararren dutse ne, kuma an san haka ne domin wani nau'in girgiza da ba ya ratsa ruwa yana ratsa shi. Sai dai zafi da nauyi sun sa yana malala a hankali, 'yan santimita a shekara. Game da abin da ke jan farantan kuwa, binciken Donald Forsyth da Seiya Uyeda na 1975 ya nuna cewa mafi ƙarfi shi ne nauyin farantin kansa. Ƙasan teku idan ya tsufa yakan huce ya yi nauyi, har gefensa ya lanƙwashe ya nutse cikin ƙasa yana jan sauran. Shi ya sa farantin Fasifik, da gefunansa ke nutsewa, yake tafiyar santimita 7 zuwa 10 a shekara, Atilantika kuwa ke faɗaɗa da 2 zuwa 5 kacal. Shi ya sa kuma da wuya a sami ƙasan teku da ya wuce shekara miliyan 200, alhali a Kanada akwai dutsen nahiya mai shekara biliyan 4. Yau na'urorin GPS suna auna wannan tafiya kai tsaye.

Kusan duk tashin hankalin ƙasa a gefunan farantai yake. Inda ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin wani, nan ake samun ramuka irin na Mariana mai zurfin kusan kilomita 11, da duwatsu masu aman wuta, da girgiza mafi muni. Gefen yakan cije ya ƙi motsi shekaru ɗaruruwa alhali turi bai tsaya ba, ranar da ya kuɓuce sai ya biya bashin duka cikin 'yan mintoci. Haka aka yi a gaɓar Sumatara ranar 26 ga Disamba 2004, igiyar tsunami ta hallaka fiye da mutum 220,000. Inda nahiya biyu suka yi karo kuwa ba mai nutsewa, sai ƙasa ta tattare ta yi sama. Indiya ta daki Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ga Himalaya nan, kuma dutsen da ke ƙololuwar Everest, mita 8,849 a sama, a ƙasan teku aka yi shi, har da burbushin halittun ruwa a jikinsa. Girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023, da ta ci rayuka fiye da 50,000, ta faru ne a inda farantai ke gogar juna gefe da gefe, saboda farantin Larabawa na tura ƙasar Turkiyya tana zamewa yamma.

Mu da muke tsakiyar faranti mun sami sauƙi, amma tarihin abin yana rubuce a ƙarƙashin ƙafarmu. Duwatsun nan masu shekara miliyan 600 da aka ambata su ne gindin yawancin ƙasar Hausa. Sun samu ne daga wani karon nahiyoyi da ya tayar da manyan tsaunuka, ruwa da iska suka cinye tsaunukan, aka bar saiwarsu. Dutsen Kufena na Zariya yana cikin wannan saiwa. Sai kuma kwarin Binuwai. Lokacin da Afirka ta fara rabuwa da Kudancin Amurka, tsagar ta kasu uku ne daga wajen da yankin Neja Dalta yake yanzu. Reshe biyu suka ci gaba da buɗewa suka zama teku. Na ukun ya shigo cikin ƙasa ya nufi arewa maso gabas, tsawon kusan kilomita 1,000, har ya yi rassa wajen Gongola da Yola. Kevin Burke, wanda ya koyar a jami'ar Ibadan, yana cikin waɗanda suka fara bayyana shi a haka. Ƙasa ta lotsa, teku ta shigo, laka da yashi suka taru kaurin kilomitoci. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka a ƙasan wancan ruwa ya taru, kuma har yau ana tsintar bawon halittun teku a cikinsa, a tsakiyar jihar Gombe. Ruwan gishirin Awe da Keana, da dalma da tutiyar Abakaliki, da man da aka gano a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, duk 'ya'yan wannan tsaga ne. Danginta sun ratsa har Nijar da Chadi da Sudan, kuma a cikinsu man Agadem da na Doba da na Muglad suke kwance. Mai neman mai a waɗannan wurare da wannan nazari yake aiki kullum.

Zama a tsakiya ba ya nufin ba abin da zai taɓa mu. Girgizar 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane a Akra, kuma mazauna Mpape a Abuja sun ji ƙasa na motsi a watan Satumban 2018, domin tsofaffin tsagogi kan ɗan motsa. Jerin duwatsu masu aman wuta na Kamaru, inda tafkin Nyos ya fitar da iskar da ta kashe fiye da mutum 1,700 a watan Agustan 1986, ba a gefen wani faranti yake ba, kuma har yanzu masana na jayayya kan asalinsa. Nazarin yana faɗin inda haɗari ya fi yawa, amma ba ya faɗin rana. Duk wanda ya sa wa girgizar ƙasa rana da wata a Facebook, ba daga wannan ilmi ya samo ba.

Wanda ke son ganin yadda teku ke farawa, ya dubi Bahar Maliya da alhazai ke ƙetarewa. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ƙasar Larabawa manne take da Afirka, yanzu tana nisa da kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a shekara. Baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina narkakken dutse ne da ya daskare, kuma malaman tarihin Musulunci sun rubuta labarin wutar da ta ɓarke kusa da birnin a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, ta yi makonni tana malala, ta doshi garin ta tsaya kafin ta iso. A yankin Afar na Habasha, a watan Satumban 2005, ƙasa ta buɗe tsawon kilomita 60 cikin 'yan makonni, a wasu wuraren har mita 8.

Daga Afar tsagar ta gangara kudu ta ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya har Mozambik, shi ya sa lokaci-lokaci ake yaɗa cewa Afirka na dab da rabewa biyu. A watan Maris na 2018 hotunan wani rami da ya yanke titi a Mai Mahiu ta Kenya sun zagaye duniya da wannan labari, alhali masana da dama sun danganta ramin da ruwan sama mai yawa da ya kwashe tokar dutse marar ƙarfi daga ƙarƙashi. Rabuwar gaskiya ce, amma awo ya nuna ba ta wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara a inda ta fi sauri, wato sai an yi fiye da shekara 140 kafin a sami mita ɗaya. Kuma ba kowace tsaga ke zama teku ba. Ta Binuwai ta yi shekaru miliyoyi tana buɗewa, har ruwan gishiri ya shige ta, sannan kimanin shekara miliyan 85 da suka wuce tafiyar farantin Afirka ta sauya, aka matse ta, duwatsun cikinta suka nannaɗe, ta tsaya a nan.